Muzurun Bayan Gulma

Tun ranar da na dawo ba a bar ni na sha iska ba. Mai zuwa aron turmi sai ta tsaya a bakin ƙofa: "Inna Kulu, wai muzuru kit tahi kamowa?" Mai sayen ƙwai ma haka. Na gaji da maimaitawa, kuma na lura labarin yana ƙara kumburi a bakin mutane, har an kai ga cewa na shaƙe dabba da hannuna a tsakiyar gulbi. Shi ya sa na zaunar da maƙwabciyata Malama Rabi na ce ta ɗauko takarda. Ni ban shiga aji ba, ban kuma yi da-na-sani ba, don na ga waɗanda suka shiga. Ina faɗa tana rubutawa. Duk wadda ta sake tambayata, a karanta mata wannan.

Ina da ƙanwa, Hajo. Aure ya kai ta wata 'yar tunga can bayan garin Gulma tun muna da ƙuruciya. Mijinta ya rasu, idanunta sun yi yana, ba ta ganin komai sai inuwa-inuwa. Amma gidanta ta san shi da tafin ƙafa: taku nawa zuwa randa, taku nawa zuwa rumbu, ba ta tuntuɓe. Abokin zamanta wani ƙaton mussa ne, wato abin da mutanen gabas ke kira kyanwa, namiji, mai dogayen ƙafafu, tana ce masa Dogo. Shi ke hana ɓera taɓa mata shinkafa, kuma ya taɓa kashe maciji a bakin ɗakinta.

Ranar wata Talata ɗanta Bello ya kira ni daga Argungu. Ya ce kaji na ɓacewa a tungar, an ce muzuru ne, an kuma ce Dogo ne muzurun. Maigari ya yanke hukunci: ranar Juma'a bayan an sauko masallaci za a sa shi buhu a jefa gulbi. Hajo ta ce sai dai a sa su tare. Shi kuma Bello ya ce ya gaji, ranar Juma'ar zai je da mota ya ɗauko uwarsa, ya rufe gidan.

Na san ƙanwata. In aka fitar da ita daga gidan nan aka kai ta inda ba ta san ina bango yake ba, ba za ta ga wata damina ba. Kuma ni na yi kiwon kaji a Badariya tun unguwar tana gonaki. Ba abin da bai ci mini kaza ba: shaho, tunku, kare, ɗan maƙwabta. Laraba da safe na ɗaure ƙullina, na bar wa Malama Rabi kajina, na hau keke zuwa tasha.

Motar da na samu ƙarama ce, an yi ta don mutum huɗu, aka cusa mu bakwai. Aka sa ni tsakanin wata mai fataucin kifi, wadda kwandunanta ba kifi a ciki amma warin bai sani ba, da wani ɗan boko mai tabarau, yana ta shafa waya kamar mai lallashin jariri. Ban yi niyyar magana ba. Mai kifin ce ta ishe ni da ina za ki, wajen wa, lafiya dai, har na faɗa mata don ta rabu da ni. Ashe na tono. Kafin mu fita gari kowa a motar ya zama masanin muzuru.

Direba ya ce, "Muzuru ai namijin mussa na, Inna. Ba wani abu ba. Kamar zakara da kaza."

Mai kifi ta ce, "Kai dai diba hanyarka. Muzuru mussag gida ta wadda tag gudu daji. In tal lasa jinin kaza sau guda, ta bar mutane ke nan."

Wani tsoho a gaba ya ce duk ba haka ba ne, akwai na daji tun asali, wanda uwarsa da ubansa ba su taɓa kwana ƙarƙashin rufi ba.

Sai ɗan boko ya gyara tabarau. "Ku dakata in duba muku." Ya shafa, ya shafa, ya ce wai Turawa ma suna da sunan, sun haɗa kalmar daji da ta kyanwa ne kawai, kuma tsohon suna ne a wurinsu. Wai suna kiran mutum mai zafin rai da shi. Wai in ma'aikata suka ajiye aiki ba da izinin shugabanninsu ba, da sunan ake kiran abin da suka yi. Wai har masu haƙar mai a inda ba a tabbatar akwai shi ba. Ya ƙara da cewa duk kyanwar gida jikar ta daji ce, ɓeran rumbu ne ya jawo kakanninta cikin mutane.

Na ce, "Ka taɓa ganin ta?"

"Ga hotonta nan, Hajiya."

"Ban tahi Makka ba, kada ka ɗora min. Kuma ba hoto nit tambaye ka ba."

Ya ce bai taɓa gani ba. Na ce to in dai barin aiki ba izini ke sa a kira mutum muzuru, ai ofisoshin garinmu cike suke da su, don bayan azahar kujeru kaɗai ake tararwa. Direba ya yi dariya har ya faɗa rami, kaina ya bugi rufin mota. Maganar rumbun kaɗai na ɗauka a cikin duk abin da yaron nan ya karanto, don ita ce mai kama da hankali. Amma ban gaya masa ba, kada ya ƙara.

A hanya mun tarar da masu shinge har wuri uku. Biyun farko suka leƙo suka ɗaga mana hannu. Na ukun wani ne mai tumbi, ya ga ƙullina a cinya ya ce mene ne a ciki. Na ce kayan miya. Ya ce a kwance. Na ce ɗaurin ya yi mini wuya, in yana so ya sa hannu ta gefe. Ya sa hannu har wuyan hannu cikin ɗanyar daddawa. Ya fiddo, ya duba, ya sansana, ya rasa inda zai goge. Na ce masa, "Ta Badariya ta, ba a samun irinta nan." Ya daka wa direba tsawa wai mu wuce.

Mun isa Argungu kafin azahar. Bello yana aiki a wani injin casar shinkafa, yana haya a wani gida mai ɗakuna a jere kamar shagunan kasuwa. Matarsa Saratu ta tarbe ni da ladabi, ba zan yi mata ƙarya ba. Amma a garin da kifi ke kwana a bakin ƙofa, a gidan mutumin da ke wuni cikin shinkafa, abin da aka ajiye mini taliyar leda ce da dafaffen ƙwai a kai. Na dube ta, na dubi kwanon. Na ji ta shiga ɗaki tana raɗa wa mijinta, "Inna na muzurai." To, ga wata ma'anar kuma, wadda wayar ɗan boko ba ta sani ba. Ko idon ne ya ari sunan dabbar, ko dabbar ce ta ari na idon, ban sani ba. Na dai san da yamma an tuƙa tuwon shinkafa da miyar kuka da kan tarwaɗa.

Makewayinsu kuma abin kallo ne. Kujera ce fara, wai mutum ya zauna a kai kamar ya zo gaisuwa. Ba zan tsawaita ba.

Bello ya kai ni ya nuna mini ɗakin da ya shirya wa uwarsa. Ɗakin ajiya ne, an kwashe tarkace an shimfiɗa katifa. Bayan bangon injin wuta ne na mai gidan. Daga ƙofar zuwa makewayi matakala uku ne, ƙasan kuma an shafe shi da tayil mai santsi, ni mai ido ma sai da na dafa bango.

"Inna, ki gane," in ji shi. "Mussa ta hwa. Dabba. A kan dabba za a ce uwata tana hwaɗa da gari duka? Kullum sai an kira ni."

"Kai ka ga Dogo da kaza a baki?"

"Ni ban gani ba. Amma dattawa sun ga gashin kaji bayan darninta."

"Nan za ka aje ta?"

"Ga hwanka, ga wuta. Mi taka nema?"

Yaron ba mugu ba ne. Irin mutanen nan ne da ke ganin in an ba tsohuwa fanka an gama mata komai.

Alhamis da safe ya ce ba zai samu raka ni ba sai gobe da zai zo da mota ta doguwar hanya. Gajerar hanyar ta fadama ruwa ya cinye ta, sai an hau babur zuwa mashaya, a shiga jirgi a ƙetare. Mai babur ɗin da ya ɗauke ni gani yake kamar gobara ake yi a gabansa. Na riƙe masa kunne na ce duk ramin da ya jefa ni zan murɗa. Daga nan muka yi tafiya irin ta mutane.

Mai jirgin wani tsoho ne busasshe, Malam Garba, yana tuƙi da gora. Aka saka mu da babura biyu, buhunan albasa, da wata akuya da ta ga gefen zanina ya yi mata kama da ganye. Ruwa na shigowa ta ƙasa, aka miƙo mini ƙoƙo wai in riƙa kwalfewa. Na ce ni fasinja ce ba matar mai jirgi ba. Da na ga ruwan ya kai idon sawu, na karɓi ƙoƙon.

A duk tafiyar nan shi kaɗai na tarar ya taɓa ganin muzurun da idonsa. Na tambaye shi ko akwai mussar daji a fadamar.

"Akwai ta. Ba ta da yawa. Toka-toka ta, ƙahwahu dogaye, bayan kunnenta ja, wutsiya da zobe-zobe, bakin wutsiyar baƙi. In taz zamna sai ki ce tulu anka aje. Tana biyo mussoshin ƙauye wani lokaci, shi as sa kike ganin wasu ɗiyan da dogayen ƙahwahu."

"Tana cin kaji?"

"In tas samu. Amma ɓera da tsuntsu sun ishe ta. Kuma ba ta son warin mutum." Ya dube ni. "Tungar maigari Sani za ki? Inda anka ce kaza na tahiya kullum?" Ya tofa yawu a ruwa. "Muzurun nan nasu yana da ci."



Tungar gidaje ne da ba su fi a ƙirga da yatsu ba, darnin kara, rumbuna, sai wata bishiyar mangwaro da maza ke zama a ƙarƙashinta suna jiran abinci ya same su. Na tarar da Hajo zaune a ƙofar ɗaki, ta rame, Dogo kwance kan ƙafafunta. Tun kafin in yi sallama ta ce, "Yaya ta. Na ji takunki, kamar mai zuwa karɓar bashi." Muka gaisa. Ta ce kwana uku ba ta sa komai a ciki ba sai ruwa. Na ce ba a gabana ba. Na dama mata fura na tsaya a kanta har ta shanye.

Na dubi mussan da kyau. Dogo ne ƙwarai, da ɗan ja a bayan kunne. Babu shakka akwai jinin daji a jikinsa. Amma tumbinsa na mai cin ɓera ne a zaune, kuma kajin maƙwabta na kiwo a gabansa, ko ɗaga kai bai yi ba.

Na tambayi Hajo don me sai gulbi. Ta ce su a nan ba a kashe mussa da hannu, ana tsoron alhakinta, sai a sa ta buhu a ba ruwa, wai ruwa ne ya kashe ba su ba. Mu a Badariya in mussa ta dami mutum, buhun dai ake sa ta, a ba mai tafiya nesa ya saki a bakin daji, a dawo ana cewa an yi mata sauƙi. Duk wayon banza ne, mu da su. Amma nasu ya fi raina wa Allah hankali.

Da la'asar na yafa gyale na je gindin mangwaro. Maigari Sani na kishingiɗe, dattijo mai farin gemu, ya amsa gaisuwata da ƙyar. Kusa da shi wani ne sanye da rigar layu da bindigar toka a kafaɗa, ƙanensa Ɗanjuma, wai shi ne maharbin gari. Tun da kaji suka fara ɓacewa shi aka ɗora wa farautar muzurun, kowane gida na aika masa da tuwo don ya samu ƙarfin sintiri. Wata biyu yana sintiri, wuyansa har ya yi ninki.

"Gwaggo, ni nib bi sawunai da kaina," in ji shi. "Tun daga akurki har bayan darnin ƙanwarki. Sau nawa! Gashin na nan, kowa ya gani."

"A nuna min."

Dattawa biyar suka taso har da maigari, Ɗanjuma a gabansu, suka raka ni, suna tafe suna yi wa juna murmushi. A bayan darnin Hajo, gindin wani kalgo, ga gashin kaji nan tuli guda, ja da fari da wake-wake. Na durƙusa na ɗebo.

Duk macen da ta taɓa shiga madafi ta san abin da na gani. Dabba in ta kama kaza, gashin warwatse yake, yana bin hanyar da ta ja ta, tsinkensa a tattaune, da jini, da guntun fata manne, kuma za a ga fiffike ko kai a yashe. Wannan kuwa a dunƙule yake, ya manne da juna ya bushe, tushen kowane gashi fari fes, ko ɗaya bai karye ba. Na ƙara tonawa da tsinke. Sai ga ɓawon ƙafar kaza, rawaya, an zare shi sumul har da farce, kamar an cire safa.

Na ce, "Wa da wa sunka duba gashin ga kahin a yanke hukunci?"

Maigari ya ce, "Ni, da liman, da dattawan ga."

"Mata hwa?"

Suka yi dariya. Wani mai haƙori ɗaya ya ce, "Mi yak kai mata wurin shari'a?"

Na dubi dattawan ɗaya bayan ɗaya. Maza biyar, ba wanda ya taɓa fige kaza a rayuwarsa. Nasu shi ne su yanka su jefar, su wanke wuƙa, sai kuma su ga cinya a kwano. Su ne suka zauna suka yi wa gashin kaza shari'a. Na ƙulle gashin a bakin gyalena, na ce zan yi wa Hajo matashi da shi. Suka ƙara dariya, na ji wani na cewa tsufa ya taɓa ni.

Kai tsaye na shiga gidan maigari. Matarsa Ige na tsakar gida tana turara shinkafa, da wasu mata uku suna taya ta. Bayan mun gaisa na kwance gyale na zube gashin a faifai na tura gabanta.

"Ige, ga aikin muzurunku. Kin taɓa gani?"

"Ina nig gani? Su dai sunka ce." Ta ɗauki dunƙule guda, ta murza, ta kai hanci. Ta ɗago ɓawon ƙafar da yatsa biyu. "Kai! Wagga ai ta sha ruwan zahi."

Sauran suka matso. Wata siririya mai suna Asabe ta fizgi wani jan gashi ta ɗora hannu a ka. "Jar kazata! Wallahi ita ta! Mai ƙwai goma sha biyu a ƙarƙashinta!"

"To," na ce, "ku tambayo min wace dabba ta ka hura wuta ta ɗora tukunya."

Suka hau salati, kowace na faɗin tata kazar. Ige kuwa ta zauna kan turmi, ta zuba wa faifan ido. Can ta ce a hankali, "Ɗanjuma."

Duka muka juyo wurinta, ta ci gaba.

"Wata biyu ke nan yana kawo min hwakara daga bukkarsa ta hwadama. Figaggiya, ba kai, ba ƙahwa. Wai yana rage min aiki. Ni ko nic ce, ikon Allah, hwakarar bana ta yi kitse."

Asabe ta ce, "Ige. Romon da kik kawo min ina zazzaɓi?"

Ige ta rufe fuska da zani.

"Na sha kazata! Har nis sa mai albarka! Nic ce Allah shi ƙara mai sa'ar harbi!"

Wata ta fashe da dariya har ta kwanta a kan shinkafa, wata na zagi, Asabe na yi duka biyun. Na bar su suka gama. Sannan na ce wa Ige ni ba ruwana da ƙanen mijinta, ba kuma neman a kunyata kowa na zo ba. Ƙanwata na zo wa. Ta san yadda za ta yi da faifan nan kafin gobe. Ta ce in bar mata. Da na fito na waiwaya, na ga ta ajiye faifan daidai inda ake ajiye wa maigari tuwonsa.

Juma'a da hantsi Bello ya iso da motar haya, har da igiyar ɗaure kaya. Hajo na jin ƙarar motar ta shige ɗaki da Dogo ta tura ƙyaure. Na ce wa Bello ya je masallaci tukuna, kaya ba sa gudu.

Da aka sauko, maza suka taru a ƙofar gidan Hajo. Ɗanjuma na riƙe da sabon buhu, amma yau ba bindiga, kuma idonsa na kan yatsun ƙafarsa. Ta kan kowane darni kuwa kawunan mata ne a jere, abin da aka ce ba a taɓa gani ba a tungar. Maigari ya yi gyaran murya ya fi sau uku.

"Jama'a, mun ƙara bincike. Mun gano muzurun ga ba na gida ba na. Na daji na. Kuma labari ya zo muna cewa ya bar yankin ga, ba shi komowa. Saboda haka mussan Hajo ba shi da laihi. A yi haƙuri da juna."

Dattawan suka hau gyaɗa kai, wai dama su ma sun yi zargin haka. Mai haƙori ɗayan nan har da cewa shi tun farko bai yarda ba.

Na ce, "Madalla, ranka shi daɗe. Allah shi raka shi. Ya dai tahi da tukunyarsa ko?"

Daga bayan darni aka kwashe da shewa. Muryar Asabe ta fi ta kowa: "A gaishe shi! A ce mai romon ya yi daɗi!" Maigari ya yi kamar bai ji ba, ya juya ya kama hanya, dattawansa na bin sa. Ɗanjuma zai sulale na ce ya dakata, buhun nan sabo ne, ya bar wa Hajo ta zuba shinkafa. Ya ninke shi da kyau, ya ajiye a bakin ƙofa da hannu biyu.

Ba wanda ya kira sunan ɓarawo, ba wanda ya ba ƙanwata haƙuri a kan kwana ukun da ta yi ba ci. Haka shari'ar maza take ƙarewa in ta biyo ta gidansu.

Bello ya tsaya yana juya igiya a hannu. Ya ce ko da haka, da ta bi shi, ga ɗaki an gyara. Hajo ta buɗe ƙyaure, ta fito, ta taka zuwa randa ba tare da ta dafa komai ba, ta ɗebo ruwa, ta dawo ta miƙa masa daidai hannunsa. "Sha ka koma wurin aikinka," in ji ta. Ya sha. Ya jefa igiyar bayan mota.

Tun da motar za ta koma ba kaya, na ce ni za ta ɗauka, na huta da jirgin Malam Garba da akuyarsa. Na shiga ɗaki yin sallama. Hajo ta kamo gyalena ta jawo ni kusa.

"Yaya, in gaya miki wani abu?"

"Ina ji."

"Ɗan tsako guda dai, shi yac ci. Na Asabe. Tun kahin a hwara wagga magana."

"Wa yag gani?"

"Ba kowa. Ni ma ji niy yi. Nib bizne gashin ƙarƙashin randa."

Na juya na dubi Dogo. Yana zaune kan sabon buhun nan, ya naɗe wutsiya, yana kallona ido cikin ido, ko ƙiftawa babu. Bello na ta danna oda a waje.

Na ce wa Hajo zan aiko mata kaza, in ta ƙyanƙyashe ta kai wa Asabe 'yan tsaki biyu, kada ta ce na mene ne. Sannan na durƙusa daidai fuskar mussan, na nuna masa abin da yake zaune a kai.

"Kai kuma, ka dai ga buhun ga. Ni ba ni tsoron alhaki, kuma na san hanyar gulbi."